Faru da Ƙurajen Fuskata

Ina aji na uku a koleji a Tasawa ƙuraje suka cika mini fuska, daga goshi har haɓa. Ko na san amsa ba na ɗaga hannu, don kada mushe, wato malaminmu, ya kira ni gaban allo kowa ya zuba mini ido. Wata ƙawata ta ba ni wani mai a ɗan kwali, ta ce cikin sati guda zai share su. Ya ɗan haska ni, daga baya fatar ta riƙa zafi kamar an shafa barkono, ƙurajen kuma suka ƙaru.

Da aka ba da babban hutu, innata ta ɗora ni a moto zuwa wani ƙauye kusa da Korgom, wurin Goggo, yayar babanmu, in taya ta aikin gona. Ina sauka ta kama haɓata ta juya fuskar wajen haske.

"Mi kike shafawa, ɗiyata?"

Na nuna mata kwalin. Ta shinshina, ta wurga shi bayan danga.

"Mi kike ci a birni?"

"Fanke da safe, Goggo. Da rana soye-soye da lemun kwalba."

"To nan sai hura da tuwo, da abin da Allah ya rataya a itace."

A bakin gonarta akwai faru biyu, ƴaƴansu sun nuna sun yi jawur. Duk lokacin da muka ajiye hauya, sai mu zauna a inuwa mu tsotsa muna tofar da ƙwallon. Da faru ya ƙare ɗinya ta shigo, mai baƙanta haƙora. In na kai hannu zan matse ƙurji, Goggo ta make mini yatsu ko kallona ba ta yi ba. Safe da yamma ta sa in wanke fuska da sabulun salo.

Wajen sati na shida zafin ya tafi, sababbin ƙurajen suka ragu. Ranar da na raka Goggo awon jini, na ba malamar likita labarin man da na daina shafawa, na tambaye ta ko faru maganin ƙuraje ne. Ta yi dariya.

"Ba zan ce miki magani ba ne. Amma ƴaƴan itace na taimakon fata, rage zaƙi da maiƙo na taimako, barin wancan man ya fi komai taimako. Sauran kuma shekarunki ne, ki ba su lokaci."

Hutu ya ƙare, na koma lakkwal wurin karatu da tabo nan da can, sai da aka ci shekara biyu suka dushe. Har yau ɗaya ko biyu kan fito mini, ba su hana ni fita.

Yanzu a Mayahi nake zaune. Na shuka faru a tsakar gida, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Bara ya fara fure, bana muna sa ran ƴaƴa.