Ranar da Kiɗa Ya Ƙi Jira Na

Ko tsufa ya kwashe min komai, akwai wata Lahadi a Brooklyn da ba zai iya ɗauka ba.

Shekara goma sha biyar na yi ina koyarwa a sakandare a gida, da jan biro a aljihu. Da na zo New York, sai biron ya koma keken tura tsofaffi a filin jirgi. Ina dab da hamsin na sayi tsohuwar jita a unguwar Jamaica, wai zan koyi bulugiras, kiɗan ƙauyen Amurkawa da ake kaɗawa da ɗan ɓallin roba, da gudu kamar an koro mutum. Waya ce malamata. Kullum na dawo aiki, ƙafa a kumbure, sai in yi ta hawa da sauka a do-re-mi har yatsuna suka yi kanta. Dokata ɗaya ce, irin ta aji: wanda ya yi kuskure ya koma farko. Shekara biyu ina komawa farko.

Sai na ji makaɗa na taruwa ran Lahadi a wani lambu a Brooklyn, su yi da'ira, kowa a ba shi layinsa. Na yi wa kaina alkawari: in na ji kunya, jitar ta koma inda ta fito. Matata, ma'aikaciyar jinya, ta bar hutunta ta raka ni.

"In dai yau za mu ga amfanin ƙirin-ƙirin ɗin nan, Malam, mu je," in ji ta.

Da layi ya zo kaina, wata tsohuwa mai goge ta gyaɗa min kai. Na fara lafiya. Can yatsa ya zame. Na tsaya cak, na ɗaga hannu kamar mai tsawata wa aji, na ce a koma farko.

Ba wanda ya koma. Kiɗan ya wuce abinsa, layina ya ƙare babu kowa a ciki. Aka sake zagayowa, na sake zamewa, na sake tsayawa.

A jirgin ƙasa na ce wa matata gobe zan mayar da jitar. Ta janye jakar jitar ta ɗora a cinyarta.

"Ka saba yara su jira ka, shi ya sa. Ni in na ɓata layi a mawaƙan coci, ka taɓa jin an tsaya? Sai in kamo su a gaba."

"To kuskuren fa?"

"Ya mutu, Malam. Kai kaɗai ka tsaya zaman makokinsa."

Ita ta riƙe jakar har gida.

Na ƙara wata shekara ina koyon abin da ban taɓa koya wa yaro ko ɗaya ba: yadda ake yin kuskure a wuce. Har yau yatsana na zamewa, kuma har yau ina gajiya. Amma na gane cewa wanda ya tsaya gyara abin da ya wuce, shi ke rasa abin da ke tafe.