Jasusin Taliya

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Juma'a, mu uku ne a ɗakinmu na unguwar Ka'akiyya a Makka: ni, da wani direban tankar ruwa ɗan Katsina da muke zaune tare, da wani tela ɗan Maraɗi. Telan ne ya zo da faifan da muke kallo. Tsohon fim ne na barkwanci na mutanen Italiya, da fassarar Larabci a ƙasa, ana yi wa finafinan leƙen asiri shaƙiyanci. Jasusin cikinsa, wato ɗan leƙen asirin, wawa ne. Baƙin tabarau a ido, ƙaramin littafi a hannu, duk abin da ya gifta sai ya rubuta, har jaki. Da aka biyo shi, ya ruga madafar wani gidan abinci ya faɗa tukunyar taliya.

Su biyun suna ta ƙyaƙyatawa. Ni ban yi ba. Muraƙib ne ni, wato mai kula da masu shara a wani gini, kuma kowa ya san ba na wasa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Maƙwabcinmu ne, wani dattijo ɗan Damagaram da kowa ke ce wa Baba. An yi masa aikin ido, likita ya ce ya riƙa sa baƙin tabarau. Kowace shekara shi ke bin ɗakuna da littafinsa yana rubuta masu son aikin rabon abinci a Arfa, ya kai wa mai kwangila. Ya tsaya a bakin ƙofa, tabarau a ido, littafi a hannu.

Na ce, "Ga jasusin taliya ya iso."

Direba ya kife a kan katifa. Tela yana share hawaye ya ce, "Wallahi Muraƙib, ashe kai ma mugu ne!"

Baba ya taya su dariya, bai san kan zancen ba. Ya ce, "Yalla, maza ku ba ni suna da lambar iƙama, taliyar ta biyo baya."

Ban taɓa yin maganar da aka yi wa dariya haka ba, kuma abin ya yi mini daɗi. Laifina na farko ke nan. Na biyu, na yi ta maimaitawa, a bakin masallaci, a shagon kayan masarufi, a motar aiki. Waɗanda na gaya wa ba su ga fim ɗin ba. Kafin sati biyu taliyar ta faɗi a hanya, ya rage jasus kawai.

Shekarar kuwa an tsananta binciken iƙama, wato takardar izinin zama. Ga mutum yana bin ɗakuna yana tambayar lambar iƙama, ga shi ana ce masa jasus. Aka fara rufe masa ƙofa. In an sallame salla ya miƙa hannu, sai a kau da kai. Da aka kama wasu mutum biyu a layinmu, aka ce aikinsa ne.

Ranar wata Talata bayan La'asar ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Ɗana, an ce daga bakinka ta fito. Da wani ne ya faɗa, da ba wanda ya kula. Kai ba ka wasa, shi ya sa aka yarda. Ka tashi a masallaci ka ce wasa ne."

Na ce, "To, Baba."

Juma'a ta zo, aka idar, ina kallon ƙeyarsa a sahun gaba. Ban tashi ba. Na ji nauyin a ce Muraƙib yana zama kallon fim ɗin shashanci, har yana zolayar sa'an mahaifinsa. Wannan ne na uku, kuma ya fi sauran muni.

Mai kwangila ya ba wani mutum aikin Baba. Bayan Hajji Baba ya tattara ya koma gida. Ya bar littafin a kan tagar ɗakinsa. Na buɗe shafin wannan shekarar, suna uku ne kawai a ciki: nawa, na direba, da na tela.

Bayan tafiyarsa na tashi a masallaci na faɗi gaskiya. Wanda ya kamata ya ji ba ya nan.

Mai karatu, in kana ƙasar Damagaram, kuma ka san dattijon da ya yi shekaru a Ka'akiyya yana rubuta masu aikin Arfa, ka karanta masa wannan a gaban mutane, da ƙarfi. In ya rasu, ka karanta wa 'ya'yansa. Ka gaya musu bai taɓa zama jasus ba. Ni na faɗa, wasa nake yi, kuma ina roƙon ya yafe mini.