Tulun Rifkatu da Kuɗin Aike

Duk wanda ya san layin masu tukwane a Ushafa ya san Rifkatu Abednego, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana ginin tukwane. A hannun uwarta ta koya, tun tana yarinya mai ɗauko yumɓu a kafaɗa irin na matan Gbagyi. Da yumɓun nan ta yi jinyar mijinta har ya rasu, da shi ta kai 'yarta Glory makarantar koyon aikin jinya. Sai roba ta cika gari, firiji ya shiga gidaje, masu sayen tulu suka yi ta raguwa. Abin da ya rage mata su ne masu gidan sama na Maitama, waɗanda za su zo da mota mai sanyi su yi awa guda suna ɗaukar hotonta, su tafi da tukunyar fulawa guda ɗaya, ita ma sai sun nemi ragi.

Glory tana aiki a wani asibiti a Garki, tana zaune a Kubwa, hawa na uku. Shekara biyu tana fama da uwar ta bar sana'ar ta komo wurinta. Gwiwa ta ƙi, hayaƙin gashin tukwane ya cinye mata ido, kuma kuɗin magani duk wata daga albashin Glory yake fita. Rifkatu ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce da za a rataye ta a hawa na uku. Da gardama ta yi tsawo, Glory ta kawo shawarar da ta ɗauka za ta kashe maganar. Akwai shafin gwanjo a intanet inda mutanen ƙasashen waje suke taya kaya, wanda ya fi tsada ya ɗauka. Za a sa tulu ɗaya, wanda ya fi kowanne kyau. In abin da ya shigo hannu ya isa abinci da maganin wata guda, Glory ta bar maganar Kubwa har abada. In bai isa ba, Mama ta haɗa kayanta. Rifkatu ta amince nan take, don ta san hannunta. Kuma mace ce da ba ta magana biyu, kowa ya shaide ta a kan haka.

Ta zaɓi wani tulu mai dogon wuya da ta zana wa ƙadangaru a kafaɗa. Glory ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ta ɗora shi a sikelin asibiti, ta duba farashin kamfanin aike na kilo goma, ta rubuta shi a matsayin kuɗin da mai saye zai biya. Aka buɗe gwanjo na kwana bakwai.

Tun daga nan Rifkatu ta fara tsaki. Wace irin kasuwa ce wannan da ba sallama, ba tambayar gida, ba wanda zai ƙwanƙwasa tulu ya ji ƙararsa? Kwana biyar ba wanda ya taya. Ta ce da ma ta faɗa, masu wayar nan 'yan kallo ne. A rana ta bakwai, saura 'yan mintoci a rufe, sai mutum uku suka rufar wa tulun kamar kaji a kan tsaba. Wata mata a wata ƙasa mai sanyi ta cinye a dala ɗari da ashirin. Da Glory ta faɗa mata adadin a naira, Rifkatu ta manta da gwiwa ta taka rawa a tsakar gida, ta aika aka sanar da maƙwabta.

Ta yi saurin rawa. Washegari Glory ta zo da fuska a ɗaure ta karanta mata abin da masu shafin suka cire. Akwai kuɗin sa kaya a shafin. Akwai la'adarsu a kan farashin tulun. Wannan Rifkatu ta fahimta, don ko a kasuwar Bwari dillali yana cin nasa. Amma sai aka ce sun ci la'ada har a kan kuɗin aike, kuɗin da ba nata ba, wanda wucewa kawai zai yi ta hannunta zuwa kamfani. Masu karɓar kuɗin a madadinta suka yanki nasu. Banki ya yanki nasa wajen canji.

"Wannan dillali, shi ya haƙo yumɓu?" in ji Rifkatu. "Shi ya sha hayaƙi? Ki ba ni lambarsa in yi magana da shi."

Glory ta ce ba mutum ba ne, tsari ne. Rifkatu ta ce ai tsari ba ya cin tuwo, akwai dai wanda yake ci. Duk da haka, da aka gama yanke-yanken, abin da ya rage ya haura kuɗin abinci da magani da ɗan kaɗan. Da ƙyar ne, amma ta ci. Glory ba ta ji daɗi ba, ba ta kuma musa ba.

Saura aikawa. Glory ta bar mata kwali ta ce ta shirya tulun, ran Asabar su kai ofishin kamfanin a Utako. Rifkatu ta shirya shi yadda ta saba shirya kayan da za su hau akori-kura: ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta zaunar da tulun, ta cusa ciyawa ta ko'ina. A gefe kuma ta kwantar da wata 'yar tukunyar miya mai murfi, ta lulluɓe ta. Ba ta gaya wa kowa ba, domin ba abin faɗa ba ne. Tun da ta fara sana'a ba ta taɓa sallama babban kaya ba tare da gyara ba. Uwarta ma haka take yi. Mai sayen tulu a farashin mutunci, a ce ya tafi hannu ɗaya? Ai abin kunya ne a layin masu tukwane.

A ofishin Utako suka samu wani Malam Tawfiq, mutum mai furfura da haƙurin da ya fi zagi ciwo. Ya buɗe kwalin, ya ce ciyawa ba ta ƙetare iyaka, sai an sayi ledarsu mai ƙurajen iska. Aka kwashe ciyawar Rifkatu aka zuba a shara tana kallo. Aka biya kuɗin leda. A nan 'yar tukunyar ta bayyana. Glory ta dubi uwarta, uwar ta dubi silin.

Malam Tawfiq ya ɗora komai a sikeli. Kilo goma sha ɗaya da ɗoriya. Ya ce farashin da aka karɓa na kilo goma ne, abin da ya haura ya faɗa aji na gaba, kuma ajin nan ba ya san rabi ko kwata. Ya rubuta cikon a takarda ya turo. Cikon ya cinye ɗan abin da ya haura, ya kuma ci wani abu daga kuɗin magani. Ya cire 'yar tukunyar ya sake aunawa. Kilo tara da rabi.

"Mama, ki cire ƙaramar nan, shi ke nan kin huta," in ji shi. "Kwastoma ba ta yi odarta ba."

Glory ta ja ta gefe. Ita da take son uwar ta faɗi, ita ce ta koma tana roƙonta. Ta ce Mama ki yi lissafi, in tukunyar nan ta tafi kin faɗi, kin san me muka yi alkawari. Matar nan ba ta san ki ba, ba za ta taɓa zuwa Ushafa ba, ba wanda zai ji labari. Rifkatu ta tsaya tana juya murfin tukunyar a hannu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, da kamfani, da sikeli, da dillalin da ba shi da fuska, har da kanta.

"Ni na sani," ta ce. "Oga, mayar da ita ciki."

Suka hau motar komawa. Glory ta so ta ce a bar alkawarin, amma ta san uwarta, faɗar hakan ma faɗa zai jawo. Cikin mako biyu Rifkatu ta raba sauran yumɓunta ga maƙwabta, ta bar wa wata ƙanwar mijinta ramin gashi da itacen da ta tara. Ta hau matakalar Kubwa tana hutawa a kowane hawa, tana mita har ta kai.

Kwana tara da komawarta saƙo ya shigo wayar Glory daga matar da ta sayi tulun. Kaya sun isa lafiya, tulun ya yi kyau matuƙa. Sai dai matar ta ce an yi kuskure, ta ga wata ƙaramar tukunya da ba ta saya ba. Tana tambaya ko ta mayar, kuma in za ta mayar, wa zai biya kuɗin aike?

Glory ta karanta, ta fassara a hankali, tana satar kallon uwar. Rifkatu tana zaune a bakin taga, hannayenta a kan cinya, fes, ba ɗigon laka a farce. 

"Ki rubuta mata ba kuskure ba ne," ta ce. "Ki ce ta riƙe, ta dafa miya a ciki. An riga an biya."