Hanyar da Kaka ta Sare a Gona

Wata Juma'a ce a daminar 2005, an sauko daga masallaci. Ina tsaye a kan kututturen gawo a bakin gonar kakata, a ƙauyenmu na wajen Bazaga, na ɗaga wayar salula sama. Kaka tana ƙasa ta kare ido da tafin hannu, kai ka ce jinjirin wata muke nema.

Salular ta Kawu Ila ce, autanta, ya bar mata da zai tafi cin rani Kwatano. Duk garin, kututturen nan kaɗai ke kama rezo, wato sabis ɗin waya, shi ma sai ya ga dama. Sun yi alkawari kowace Juma'a zai yi bip, wato ya kira, ta yi ƙara, ya katse. Ƙarar nan ita ce "ina lafiya", don haka Kaka ba ta taɓa ɗauka ba. Ranar kasuwa mai amalanke ya kai ta sharji Ƙonni, ta dawo a naɗe cikin ƙyalle, a ajiye ta kusa da ƙwaryar fura. Ni da nake hutun lakwal, wato makaranta, aka naɗa ni mai hawa kututture, in na gama ɗebo ruwa da kora awaki. A raina murya tafiya take yi irin ta balbela: ta taso daga dogon ƙarfen waya na Ƙonni, ta ratso fadama, ta sauka a hannuna a gajiye.

Sai Juma'o'i suka yi ta wucewa shiru. Bara ba a samu komai ba, mun ci tafasa har mun gaji, kowa ya zuba wa gonar ido. Hatsi ya yi tsawo ya shanye ni da kututturen, ya fid da kai amma bai nuna ba. Kaka kuwa ta daina shan fura, sai jan carbi. Tsoro ya kama ni sosai, don ban taɓa ganin ta haka ba.

Ran nan ta dubi salula, ta dubi gona, ta ce, "Ɗiyata, hatsin ga na ya tare ma Ila hanya. Ɗauko mini adda."

Babana ya sheƙo a guje. "Inna, mi kike yi haka? Abincinmu na hwa!"

"Kai ina ganin ka," in ji ta. "Shi hwa?"

Ta sunkuya tana sara, ɗanyen kara yana zubewa, har ta buɗe siririyar hanya da ta miƙe sak wajen Ƙonni. Na hau. Iska ta biyo hanyar tana ƙamshin ɗanyen ganye. Wajen la'asar salula ta yi ƙara, Kaka ta daka mini tsawa in latsa kafin ya katse. Kawu Ila ne, ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ga shi ya tashi. Kaka ta yi ta kiran sunansa. Babana ya ce kawai dacewa aka yi. Ita kuwa ta kwashe karan ta zuba wa awaki.

Daga baya 3G ta kawo hotuna, 4G ta kawo fuska tana magana, amma Kaka ba ta kai ba. Yanzu ina zaune a ɗaka nake ganin furfurar Kawu Ila daga Kwatano, sai in ji ina ma tana nan kusa da ni. Rezo ya cika gari, amma ban sake ganin wanda ya share wa murya hanya ba.