Ranar da Aka Kawo Wuta Inna Tana Bayan Wayoyina

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, ina zaune a gidanmu a Funtua ina taya yayana sayar da taki da maganin feshi, sai son wasa da lantarki ya shiga raina. Ba sana'a ba ce, ko sisi bai taɓa kawo mini ba. Na ga wani bidiyo ne a wayar hannu, tartsatsin wuta yana hawa tsakanin wayoyi biyu yana tsuwa, na ce wallahi sai na yi irinsa da hannuna. Ni kuwa tun ina yaro in na kafe a kan abu, gara a ƙyale ni kawai.

Abin da nake bukata shi ne taransifoma mai ɗaga ƙarfin wuta, irin wadda ake samu a cikin tsohon murhun lantarki na ɗumama abinci. Wata biyu ina zarya wajen 'yan gwangwan, har suka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Daga baya abokina mai walda ya ji labarin akwai guda a Malumfashi. Na hau babur na je na ɗauko ta, ƙarama a ido amma da nauyin tsiya, na ɗaure ta a baya da roba ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Da abokin nan nawa ya gan ta, bai yi dariya ba. Ya ce shi da ke wasa da wuta kullum bai yarda da wannan ba, domin irinta ba ta fizgar mutum ta sake shi, gamawa take yi da shi nan take. Na ce na ji. A gaskiya ban ji ba, hankalina yana kan tartsatsi.

Wurin aiki ya rage. Akwai wani siririn ɗaki a tsakar gidanmu inda mahaifiyata ke ajiye tukwanen biki da buhunan hatsi daga can ƙurya. Na roƙe ta ta ba ni bakin ƙofa in kafa tebur. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta yarda, amma in yi mata alkawari abin nan ba zai taɓa kowa a gidan ba. Na yi alkawarin da saurina. Ranar da tartsatsin ya fara tashi ma ita na fara kira. Ta tsaya daga nesa, ta ji gurnanin taransifomar, ta ga shuɗiyar wutar, ta ce Allah ya shirye ni, ta koma kan tsintar shinkafarta.

To, kun san halinmu da wuta. In aka ɗauke, ba mai kashe komai. Fanka a kunne, rediyo a kunne, ƙwai a kunne, don su ne za su gaya mana an dawo da ita. Haka na taso, hannuna bai saba zare komai daga soket ba.

Wata Laraba da hantsi, lokacin cire masara, kowa na gidan ya tafi gona sai ni da Inna. Na ƙara wa wayoyin tsawo, tsirara ba roba, har suka gitta hanyar shiga ƙuryar ɗakin. Ina cikin gwaji aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na ja ƙofa, na tafi shagon abokina a can ɗaya gefen gari don mu yi hira. Taransifomar na nan a jone yadda na bar ta.

Muna zaune bayan azahar sai fankar shagonsa ta fara juyawa da kanta. Ya miƙe yana murna zai koma aiki. Ni kuwa ina kallon fankar nan sai na tuna taransifomar da na bari a jone. Ban ko yi masa sallama ba. Yadda na tuƙa babur ran nan, ban san yadda na kauce wa motocin masara ba. Abu ɗaya nake maimaitawa a raina: Allah ya sa Inna ba ta shiga ɗakin ba.

Ta shiga. Ina isa tsakar gida na ga ƙofar a buɗe, na ji gurnani da ƙaurin wani abu mai zafi. Ashe ta je ɗebo gero, ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin wayoyin lokacin ba wuta, tana ƙurya aka kawo. Na hango ta tsaye ta manne da bango, ƙwarya a hannu, wayoyin suna tsakaninta da ƙofa.

Na yunƙura zan faɗa ciki, sai ta ce, a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba, "Kai, tsaya nan. Kada ka shigo."

Maganar ce ta dawo da ni hayyacina. Na ruga zaure na fizge fis ɗin gidan gaba ɗaya, na dawo na zare filogin, na sa busasshiyar sanda na ture wayoyin gefe. Ta fito da geronta, ko ƙwaya ba ta zubar ba. Ni ne na zauna a ƙasa dirshan, ƙato da ni, ina hawaye.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Washegari da sassafe na fito da taransifomar tsakar gida, na ɗauko zarton ƙarfe da kurfi da guduma. Yayana ya ce in kai wa 'yan gwangwan mana in huta. Na ce a'a, wani mai taurin kai irina zai saya. Abin da na yi wata biyu ina nema, yini guda na yi ina farfasa shi. Ƙarfen a liƙe yake da walda, zarto ya karye sau biyu, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ban tashi ba sai salla. Kafin la'asar sakaliya na zare wayar jan ƙarfen tas, na yanyanka ta gutsi-gutsi yadda ba mai iya sake naɗa ta.

Ban daina son lantarki ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau ina 'yan gwaje-gwajena, amma da batir da ƙananan abubuwa, a ɗaki mai kwaɗo. Na gane cewa wanda ya zaɓi wasa da haɗari ya san abin da ya zaɓa, mutanen gidansa kuwa ba wanda ya tambaye su.

An fi shekara kafin na iya tayar mata da zancen. Na ce, "Inna, ran nan me ya hana ki yin ihu? Ai maƙwabta za su ji."

Ta ce, "In na yi ihu wani zai rugo ya kamo ni, ya taɓa abin. Gara ni kaɗai." Sannan ta ce, "Da na ji ƙarar babur ɗinka ne ma tsoro ya kama ni. Duk tsayuwar nan roƙon Allah nake yi kada ka dawo da wuri."

Ita ce a bayan wayoyin, amma ni take ji wa tsoro. Yau ina da 'ya'ya uku, kuma har yanzu in na tuna maganar nan sai na nemi wuri na zauna.