Katafilar da ta ƙi mutuwa ranar jana'izar Baba

A ƙauyenmu da ke bayan Kwoi, samarin dangi ne suke tona kabari da diga da shebur, a ba su kunu da tuwo, su yi ta zolayar juna har ramin ya kai. Amma da Baba ya rasu, yayana da ke aiki a Abuja ya ce shi ubansa ba za a tona masa rami kamar na shadda ba. Ya yi hayar wata ƙaramar katafila daga Kafanchan, aka ɗoro ta a bayan tirela har ƙofar gidanmu. Samari suka ji haushi, suka koma gindin mangwaro suka naɗe hannu.

Gaskiya katafilar ta yi aiki. Kafin a taso daga majami'a da akwatin gawa, ta gama ramin, gefensa sumul. Direban ya ajiye hannunta a bakin kabarin, ya murɗa makulli, ya zare ya sa a aljihu. Injin ya ci gaba da ruri abinsa. Ya mayar da makullin, ya kunna, ya kashe, ya sake zarewa ya ɗaga mana shi sama kamar mu muka ce ƙarya yake yi.

A wurinmu ba a zuba ƙasa sai matar mamaci ta tsaya a bakin kabari ta yi masa maganar ƙarshe. Mama ta zo cikin farin zaninta, ta dubi katafilar, ta dubi yayana, ta sa aka kawo mata kujera ta zauna.

"Ba zan yi wa mijina ihu ba kamar mai tallan doya," ta ce. "Sai wannan abar ta yi shiru. Idan ba ta yi ba, mu kwana nan."

Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas, ga Baba Fasto yana duban agogo don yana da wata jana'izar a Zangon Kataf. Wani dattijon majami'a ya raɗa masa a bar maganar Mama a rufe kawai. Na ji shi, kuma har yau ba na gaishe shi da kyau.

Yayana ya ce a tuƙa ta a kai ta gonar citta. Da an yi haka da shi ke nan. Amma kafin direban ya hau, kawunmu, wanda ya taɓa mallakar wata tsohuwar fijo, ya riga ya buɗe murfi ya cire wayar batir da filaya. Ya ce kowace mota a duniya batir ne ranta. Injin ko tari bai yi ba. Abin da ya mutu shi ne fitilun gaban direba da sandunan tuƙi, don wani fis ya ƙone. Yanzu ba ta mutuwa, ba ta kuma tafiya. Kawu ya goge hannunsa a babbar riga ya ce dama shi ya san aikin ba na Allah ba ne.

Daga nan kowa ya zama gwani. Matan zumuntar majami'a suka kewaye ta da waƙa da tafi, suna tsawata wa Shaiɗan. Tsofaffi suka ce marigayin ne ya ƙi, don an hana samari haƙƙinsu. Samarin da ke gindin mangwaro suka ce ƙwarai kuwa. Wani ya ce a jira man ya ƙare, yayana ya sunkuyar da kai, don shi ya sa aka cika tankin har baki da safe saboda kada a ji kunya.

Aka tuna mijin ƙanwata yana gyaran wayar motoci a Sabon Tasha. Aka janyo shi daga layin shinkafa, yana cewa shi bai taɓa taɓa katafila ba. Ya tuɓe rigar anko, ya sa aka mayar da wayar batir, ya fito da ɗan ƙwan fitila mai waya biyu daga but ɗin motarsa. Da fari ya ce gidan makulli ne. Ya kwance shi, ba shi ba ne. Ya ce wani ɗan akwati ne ya maƙale, ya bubbuga shi da cokalin da ke hannunsa, nan ma shiru. Ni ina riƙe masa lema ina zaginsa a hankali, shi yana ce mini, "Yaya, ki bar ni in yi tunani."

Sai ya bi wayar da ke zuwa wajen famfon mai, ya taɓa ta da ƙwan. Ƙwan ya kama, alhali makulli yana aljihun direba. Can ƙasa ya tarar ɓera ya ci robar wayoyi biyu, sun manne, ɗaya tana ba ɗaya wuta. Ya cusa hannu, inji ya ƙona shi, ya faɗi wata kalmar da ba a faɗa gaban fasto, ya fizge soket ɗin. Katafila ta yi gyatsa ta mutu.

Shirun ya ba ni tsoro. Sai a lokacin na ji a jikina cewa Baba ne a cikin akwatin nan.

Mama ta tashi ba wanda ya taimaka mata. Ta tsaya a bakin ramin ta yi magana da harshenmu, a hankali, da muryar da take yi masa magana idan sun shiga ɗaki. Ba ta daɗe ba. Tsofaffin matan da ke kusa suka fashe da kuka, kawu ma ya juya baya. Ina tsaye dab da ita, na ji kowace kalma, amma ni a gari na tashi da Hausa da Turanci, ban gane ko ɗaya ba.

Bayan an rufe, ruwa ya fara sauka, na ja gwaggona gefe na ce ta gaya mini abin da Mama ta faɗa. Ta gyara ɗankwalinta ta dube ni.

"Ba da ke take ba," ta ce.