Yadda Bafillace Ya Gaje Mini Mambila

Lakkwal, wato makarantar boko, ba ta daɗe da ni ba, ni ma ban daɗe da ita ba. Abin da na taɓa yi a duniya wanda ya isa a ba da labari guda ne: ina saurayi na bi motar fatake daga Dogon Dutsi har tsaunin Mambila, can ƙuryar Najeriya, na zauna shekaru ina tallar gishiri da kanwa. Na dawo ba dukiya, amma na dawo da harshe. Ina gaisuwa da Mambilanci, ina neman ruwa, ina zagi.

A garinmu Dogon Kiriya wannan ya ishe ni sarauta. Duk yamma a gindin gawon bakin kasuwa sai an ce, "Tsoho, yi mana ta mutanen dutse." In gyara zama in yi. Babu mai gyara mini, don babu wanda ya taɓa zuwa.

Akwai taubashina, wani Bafillace mai shanu. Mu Arawa da su wasa muke tun kakanni, ni in ce masa bawana, shi ya ce ni ne nasa. Iyakar tafiyarsa Gaya. In ina labari sai ya yi shiru yana saƙar igiya, kuma wannan shirun ya fi mini tuwo daɗi.

Sai ɗiyarsa ta zo hutu daga jami'ar Yamai, wai ilimin harsuna take karantawa. Nawa 'ya'yan kuwa wayar hannu suke sayarwa. Ta same mu a gindin gawo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce in yi mata Mambilanci ta ɗauka a waya. Na yi har da waƙar shan giya, wani matashi ɗan izala ya tashi ya bar wurin.

Ta ce, "Baba, ka san harshen nan yana da 'yan'uwa? Akwai Bute, akwai Kwanja, akwai Wawa, yawancinsu a Kamaru. Gida ɗaya ne."

Na ce na sani. Ban sani ba.

Ta ce gidan nan kuma yana cikin wata babbar zuriya da ta bazu har kudancin Afirka, kuma Fillanci ma a cikinta yake, ko da yake nesa.

Uban ya ajiye igiya. "Me kika ce?"

Ta maimaita.

Na ce, "To Hausa fa, ɗiyata?"

"Hausa daban take, Baba. Danginta na nesa su ne Larabci da harshen Buzaye."

Wallahi ban taɓa ganin haƙoran mutumin nan duka ba sai ranar. Ya ce, "Ashe, Kaɗo, gidan dangina ka je ka ci tuwo shekara da shekaru, ka dawo ko gaisuwa ba ka kawo mini ba!"

Aka kwashe da dariya. Ni na hau dutsen nan da ƙafata, sanyinsa ya fasa mini leɓe, ruwansa ya jiƙa mini gishiri. Shi yana zaune ƙarƙashin saniya, an kawo masa zumunta har gida.

Da safe na lallaɓa rugarsu, na tarar da yarinyar tana wanke ƙwarya. Na ce, "Ba za a iya raɓa Hausa a jikin gidan nan ba? Ko daga bayan danga ne." Ta yi dariya har ta zubar da ruwan. Ta ce ba ita ke rabo ba, masanan ma har yanzu suna gardamar wasu ƙananan harsuna, ko na gidan ne ko maƙwabta ne. Na ce to a sa mu cikin gardamar. Ta ce Hausa ba ta ko kusa. Ta cika mini ƙwarya da nono, na sha, don haushi ba ya hana ni sha.

Da yamma aka ce in yi ta mutanen dutse. Na fara ba da labarin yadda suke noma a gefen tsauni. Sai na lura ba ni suke kallo ba. Duk maganar da na yi, sai su waiwaya wajen Bafillace, shi kuma ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Haka ne, haka mutanenmu suke."

Na tsaya a tsakiya. Aka ce in ci gaba. Na ce su tambayi mai dangi, na ɗauki sandata.

Ina tafe ina jinsa ya karɓi labarin daga inda na bari, yana ƙarya iyakar ƙarfinsa, suna ta cewa "Allah Sarki."